Tsoffin Kayan Kwalliya na Roba Sun Cancanci a Adana Su

A kasuwannin tsoffin kaya da gidajen gwanjo na Ingila da Faransa da Amurka akwai wani rukuni na masu saye da suka mai da hankali kan abin da yawancinmu ba za mu ɗaga ido mu kalla ba: madubin hannu, mataji, buroshin gashi, gwangwanin hoda da ɗan tiren da ake ɗora su, duk na roba, irin waɗanda mata ke jerawa a kan teburin kwalliya daga wajen shekarun 1880 zuwa na 1940. Suna tara su, suna bin diddigin tarihin kowanne, gidajen adana kayan tarihi kuma suna ware musu wuri kusa da kayan azurfa da na tangaran. Wanda ya tashi ya ga leda ta toshe kwatar unguwarsu, ya ga bokitin roba ya tsage tun bai shekara ba, zai iya cewa wannan aikin marasa abin yi ne. Ra'ayina ya saɓa da haka. Waɗannan kayayyaki sun cancanci a tara su, a nazarce su, a kashe kuɗi wajen kare su, domin su ne shaidar da ta rage a hannu ta lokacin da ɗan Adam ya fara haɗa sinadarin ƙera kaya a masana'anta maimakon ya dogara da abin da ya yanko daga jikin dabba. Shaida ce kuma da ba za ta jira mu ba, saboda da yawansu suna lalacewa da kansu.

Kafin roba, mataji mai kyau da bayan madubi da na buroshi daga dabba ake samo su. Masu hali na amfani da hauren giwa da ƙoƙon bayan wani kunkurun teku mai launin zuma da dabbare-dabbaren baƙi, masu ƙaramin ƙarfi kuma su yi da ƙahon sa ko ƙashi ko katako. A tsakiyar ƙarni na 19 buƙatar haure ta yi tashin gwauron zabi a Turai da Amurka, saboda da shi ake yin mataji da ƙotar wuƙa da madannan fiyano da ƙwallayen wasan teburi irin na sunuka. A 1862, wajen babban baje kolin ƙasa da ƙasa na Landan, wani mutumin Birmingham mai suna Alexander Parkes ya nuna mataji da wasu ƙananan kaya da ya ƙera da sabon sinadarin da ya sa wa suna Parkesine, aka ba shi lambar yabo ta tagulla. Kamfanin da ya kafa a 1866 ya durƙushe cikin shekara biyu, amma abokin aikinsa Daniel Spill ya ci gaba da sana'ar da sunan Xylonite. A Amurka kuma John Wesley Hyatt, ma'aikacin ɗab'i a garin Albany, wanda ya shiga neman abin da zai maye gurbin haure a ƙwallon wasan nan, ya gano cewa in aka sarrafa auduga da asid, aka haɗa ta da kafur, aka matse da zafi, ana samun abu mai tauri da ke yin laushi in ya ji ɗumi, ya karɓi kowace siffa da kowane launi. Ya yi rajistar wannan hanya a 1870, aka kuma san abin da sunan seluloyid. Teburin kwalliyar mata na daga cikin manyan kasuwannin da suka fara karɓarsa.

Ya kamata mai shakka ya riƙi cikakken saiti ɗaya na shekarun 1910 ko 1920 a hannunsa kafin ya yanke hukunci. Zai ga madubi mai dogon mariƙi, da buroshi, da mataji, da gwangwanin hoda mai murfi, da abin goge farce, da 'yar ƙugiyar ɗaure maɓallan takalmi da na safar hannu. Zai ga wani ɗan gwangwani mai rami a tsakiyar murfinsa, wanda mace ke cusa gashin da ya fita a mataji, ta tara shi har ya isa a yi masa dunƙule a cusa ƙarƙashin gyaran gashinta don ya yi tudu. In ya kai bayan madubin ga haske zai ga wasu siraran layuka a jere, fari da ruwan madara, kamar jijiyar haure. Waɗannan layuka ba fenti ba ne. Ana jera faranti-faranti na seluloyid masu kaurin takarda, ɗaya mai haske ɗaya mai ɗan duhu, a matse su su zama bulo guda, sannan a yanka bulon ta gefe, sai layukan su fito a cikin jikin abin. 'Yan kasuwa na sayar da shi da sunan hauren giwar Faransa. Bayan haka akwai mai lanƙwasa farantin a kan zafi, da mai yanke haƙoran mataji, da mai gogewa har ya yi sheƙi, da mai sassaƙa haruffan farko na sunan mai kayan. Aikin inji ne da aikin hannu a haɗe, kuma duk wanda ya san sana'a zai gane gwaninta in ya gan ta.

Abin da ya fi gwanintar muhimmanci shi ne wa ya samu damar mallakar kayan. Saitin haure ko na azurfa sai matar attajiri. Saitin seluloyid kuwa malamar makaranta da mai buga tafireta a ofis da ma'aikaciyar kanti duk suna iya saye, ba kuma lallai a tashi ɗaya ba. Kamfanin DuPont, wanda ya sayi kamfanin Arlington mai yin Pyralin a 1915, ya riƙa tallan kayansa da cewa zanen ba ya sauyawa, don haka mace na iya fara da madubi da buroshi, bana ta ƙara gwangwanin hoda, baɗi a ba ta tire a matsayin kyauta, har saitin ya cika. Garuruwa sukutum sun rayu a kan wannan ciniki. Leominster a jihar Massachusetts, inda aka fara yin mataji da ƙaho tun ƙarni na 18, ya koma seluloyid har ake masa laƙabi da birnin mataji. Oyonnax a gabashin Faransa ya bi irin wannan hanya, daga katako da ƙaho zuwa roba, kuma yau akwai gidan tarihin mataji da sana'ar roba a garin. Da matan Amurka suka fara yanke gashinsu gajere a shekarun 1920, manyan matajai na ado suka daina fita, masana'antu da dama a Leominster suka rufe, kamfanin Foster Grant kuma ya koma yin tabarau na rana a 1929. Mataji ɗaya na iya ba da labarin albashin mata da sauyin ado da tashi da faɗuwar gari. Takardun gwamnati ba kasafai suke ajiye irin wannan labari ba.

Suka ta farko da ake yi wa tara waɗannan kaya ita ce wai kayan jabu ne, kama da wane ba ta wane, abin da aka yi don ya yi kama da haure ba zai taɓa kai darajar haure ba. Akwai gaskiya a rabin maganar, domin seluloyid ya shafe shekaru da dama yana kwaikwayon haure da ƙoƙon kunkuru da murjani da lu'ulu'u. Sai dai kwaikwayo shi ne matakin farko na kusan kowane sabon abu, kuma wannan mataki bai daɗe ba. A ƙarshen ƙarni na 19 aka samo Galalith a Jamus, wanda ake yi daga madara, yana karɓar rini kamar yadda zane ke karɓar baba. A 1907 Leo Baekeland, ɗan asalin Beljiyam mai zama a New York, ya haɗa Bakelite, roba ta farko da aka haɗa gaba ɗaya daga sinadarai, babu auduga ko madara a cikinta, wadda in ta daskare zafi ba ya sake narkar da ita. A shekarun 1920 wani kamfani a Ingila ya fito da wata roba mai launuka masu haske da hatsa-hatsa kamar marmara, aka sayar da kayanta da sunan Bandalasta. Da waɗannan sababbin robobi, masu zane suka daina ɓoye robar. Suka riƙa yin gwangwanin hoda mai hawa-hawa, madubi mai kusurwa takwas, kore da baƙi, ja da ruwan madara, irin salon da aka sani da Art Deco. Matajan da gidan Auguste Bonaz ya yi a Oyonnax ba sa kama da haure ko ƙaho ko wani abu da ya gabace su. Jerin kaya daga 1890 zuwa 1935 yana nuna yadda sinadari ya tashi daga kwaikwayo ya samu siffar kansa, kuma ba za a ga wannan tafiya ba sai an ajiye na farkon tare da na ƙarshen.

Suka ta biyu ta fi nauyi: roba ta zame wa duniya annoba, to me ya sa za a ɗaukaka kakanninta? Alƙaluman ba su da daɗin ji. A 1950 duniya ta samar da kimanin tan miliyan 2 na roba, yanzu kuwa ana samar da fiye da tan miliyan 400 a kowace shekara, kuma wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar robar da aka taɓa yi aka sake sarrafawa. Amma wannan hujja ce ta a adana tsoffin kayan. Madubin da aka sassaƙa wa sunan amarya, aka sa a akwati mai shimfiɗar siliki, uwa ta bar wa 'yarta, yana tabbatar da cewa mutane sun yi zama da roba fiye da shekara sittin suna ɗaukarta abin riritawa. Ɗabi'ar a yi amfani sau ɗaya a yar ta zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da man fetur ya yi araha, injinan zuba roba suka yi sauri, kamfanoni kuma suka ga riba a cikin kayan da ba sa daɗewa. Wannan zaɓi ne na kasuwa da siyasa, kuma abin da mutane suka zaɓa suna iya sauya shi. Ɗalibin da yake koyon zanen kayan masana'anta zai fi fahimtar hakan in ya ga gwangwanin hoda mai shekara casa'in da murfinsa ke rufuwa daidai har yau.

Duk da haka bai kamata masu son waɗannan kaya su yi musu kwalliyar da ba tasu ba. Ana yawan cewa seluloyid ya ceci giwa da kunkurun teku. Tallan kamfanonin farko ne ya fara faɗin haka, tarihi kuwa bai gaskata shi ba. Cinikin haure ya ci gaba da bunƙasa bayan 1870, daga Zanzibar da Kwango da sauran sassan Afirka, kuma yankinmu ma yana cikinsa, domin fataken Hausa sun yi suna wajen sayen haure a Adamawa, haure kuma na cikin kayan da ayari ke ɗauka daga Kano ya ƙetare Sahara. Sai a 1989 aka hana cinikin hauren giwar Afirka tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, kunkurun tekun nan ma sai a shekarun 1970 ya samu irin wannan kariya. Doka ce ta yi aikin, bayan roba ta shekara ɗari a kasuwa. Haka kuma kafur ɗin da ke cikin madubin seluloyid da yawansa daga tsibirin Taiwan ya fito, inda Japan, bayan ta karɓi tsibirin a 1895, ta mai da cinikinsa na gwamnati kaɗai a 1899, aka kuma riƙa kutsawa cikin dazukan 'yan asalin tsaunuka da ƙarfin bindiga don sare itatuwan. Wanda ya ajiye kayan ya ajiye wannan tarihi tare da su, kuma hakan ƙarin dalili ne na mai da su abin nazari.

Suka ta uku ita ce kayan ba sa zama lafiya. Wannan gaskiya ce tsantsa. Seluloyid ɗan'uwan audugar harsashi ne ta fuskar sinadari, yana kamawa da wuta nan take, har majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar ajiyarsa a 1922. Ko ba wuta, da tafiyar shekaru kafur ɗin yana fita, abin ya ƙanƙance ya yi gautsi, sannan ya fara fitar da tururin asid. Alamun a bayyane suke: cikin mataji ya yi tsatstsaga kamar ƙanƙarar sukari, jikinsa ya yi gumi mai danƙo, ƙarfen da ke jikin madubi ya yi tsatsa ko kore, takardar da aka naɗe shi da ita ta ruɓe. Mafi muni shi ne tururin yana harbin kayan da ke kusa, don haka guda ɗaya mai ciwo na iya kashe akwati guda. Manyan gidajen tarihi ma ba su tsira ba, domin wasu daga cikin sassaƙe-sassaƙen da Naum Gabo ya yi da robar farko sun lalace a hannun ƙwararru. Mai suka zai ce to asarar kuɗi ce. Ni kuwa ina ganin wannan ne ya sa aikin ya zama na gaggawa. Tukunyar ƙasa tana iya kwana shekara dubu a binne ta jira mai tono. Mataji na seluloyid ba shi da wannan haƙuri. Abin da aka sani yana rage saurin lalacewar shi ne wuri mai sanyi, marar danshi, marar hasken rana, mai iska, kowane abu shi kaɗai, ba a ƙulle a leda ba, a kuma ware duk wanda ya fara nuna alama.

Suka ta huɗu ta shafi kasuwa, kuma a nan ina tare da masu sukar fiye da rabi. Duk inda aka ce abu ya zama na tarawa, sai dillalai su shigo, farashi ya hau, sunaye su cakuɗe. Ana kiran kusan kowace tsohuwar roba Bakelite don ta fi tsada, ana raba saiti a sayar da shi ɗai-ɗai, ana goge tsohon launi da injin gogewa don abu ya yi kama da sabo. Wasu har allura mai zafi suke soka wa kaya don su gane irinsu, alhali hakan yana ɓata abin, kuma a kan seluloyid yana iya tayar da wuta. Masana sun fi dogara da ido da hanci: layukan hauren jabu a jere suke tafiya, na hauren gaske kuwa suna gittawa da juna a inda aka yanke shi, seluloyid in ya ɗan ji ɗumi yana ƙanshin kafur, Bakelite kuma yana warin magani. Abin da ke raba mai tarawa na ƙwarai da mai jibge kaya shi ne ilimi da rubutu: wa ya yi, a ina, yaushe, wa ya yi amfani da shi, a wane hali yake yau. Ƙungiyar masu nazarin tarihin roba da aka kafa a Ingila a 1986 da gidan tarihin zanen kayan roba na jami'ar fasahar zane da ke Bournemouth sun nuna yadda ake wannan aiki, inda ake haɗa kowane abu da bayaninsa, a buɗe shi ga ɗalibai da masu bincike. Irin wannan tarawa nake karewa.

Mai karatu zai iya tambaya ina ruwan Bahaushe da madubin matan Massachusetts. Ruwansa shi ne ya san irin wannan labari a ɗakin uwarsa da kakarsa. Samira da langa da fanteka kayan masana'anta ne da suka shigo daga waje, suka ture ƙwarya da akushi daga jeren amarya, suka zama ma'aunin gata da ajiyar dukiyar mace, sannan tangaran da kuloli da roba suka zo suka ture su. Da yawa an sayar da su ga 'yan gwangwan a kan kilo, ba wanda ya rubuta zanensu ko ƙasar da suka fito ko shekarun da kowane salo ya yi tashe. Turawa ma sun zubar da yawancin saitin seluloyid ɗinsu kafin wasu 'yan kaɗan su farga, saboda dalili iri ɗaya: kaya ne na mata, masu araha, na yau da kullum, kuma irin waɗannan su ne na ƙarshe da ake yarda cewa tarihi ne. Gidajen tarihinmu, daga Gidan Makama a Kano zuwa gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, da sassan nazarin tarihi da zane a jami'o'inmu, suna da damar da za su ɗauki darasi tun kayan na nan a ɗakunan tsofaffi, masu su kuma suna da rai suna iya ba da bayani.

Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna tsohon madubin roba da shi shi ne yawan abin da yake iya koya wa mai dubansa, kuma a wannan ma'auni ya rinjayi kayan zinariya da yawa. Yana koyar da sinadari da zane, da tattalin arzikin mata, da cinikin haure da na kafur, da yadda duniya ta tashi daga riritta roba zuwa zubar da ita. Masu tara waɗannan kaya suna da haƙƙi uku a kansu: su ajiye su yadda ba za su cuci juna ba, su rubuta abin da suka sani kafin ƙwaƙwalwa ta manta, su kuma ɗauki hoto da awo na duk wanda ya fara lalacewa, domin wasu ba za su kai ƙarshen wannan ƙarni ba kome aka yi musu. Gidajen tarihi kuma su ware kuɗi da ma'aikata don robar farko kamar yadda suke ware wa tsoffin littattafai da zane-zane. Duk shekarar da aka jinkirta, adadin kayan da za a iya ceto yana raguwa, kuma babu masana'antar da za ta sake yin irinsu.